Kunun Kanwa da Ɗan Ajina na Dapoya

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, kamar yadda iyayenmu suka saba buɗe duk zancen da yake da nauyi. Masu karatu, 'ya'yana da jikokina na kusa da na nesa, ina gaishe ku da gida, da aiki, da gajiya. Wadda ta shigo tana neman labarin budurwa mai kuka a kan katifa ta yi haƙuri, yau alƙalami yana hannun tsohuwa.

Sunana Hajiya Indabo, 'yar Aminata Mai Wanka, jikar Nana Khadija wadda ta zo daga Kano tare da ayarin fataken goro. A unguwar Zangwetin ta birnin Wagadugu aka yanke mini cibiya, tun unguwar tana tsaye da ƙafafunta ba a rushe ta ba. Shekaruna sittin da biyu. Na yi talatin da ɗaya ina buga takardu a wani ofishin gwamnati, ba a taɓa dawo mini da takarda saboda kuskure ba. Mijina ya rasu shekara tara ke nan, Allah ya jiƙansa. Wankan jego kuwa gadonmu ne: kakata ta yi, mahaifiyata ta yi, ni ma duk macen da ta haihu a layinmu na Zongo hannuna ne ya zuba mata ruwa.

Ga abin da na zo faɗa, kuma sau ɗaya zan faɗe shi: akwai wani mutum. Idan wayata ta yi ƙara, gabana faɗuwa yake yi kamar na 'yar shekara goma sha shida. Kada wadda ta yi mini dariya sai ta ji ƙarshe.

Asalin abin karatu ne. Shekarar da zazzaɓin danga ya kwantar da rabin unguwarmu, na yi ta tambayar yadda aka yi sauro ya fi ƙarfin gari guda. Malamin asibiti ya ce ƙwayar cuta ce, liman ya ce jarrabawa ce, makanikin bakin layi ya ce laifin kwatoci ne. Ni kuwa ba na son amsa gutsi-gutsi. Sai na ga sanarwar wani karatu ta intanet, da Faransanci, na mako goma sha biyu, a kan matsalolin lafiya na duniya. Kowane mako da gwanin fanni daban: likita, masanin tattalin arziki, injiniyar ruwa, masaniyar al'adu, lauya, har da mai binciken yanayi. Da hannuna na rubuta sunana, da yatsu goma kamar yadda aka koya mana, ba da yatsa ɗaya irin na 'yan yanzu ba.

Aka sa ni a rukuni na bakwai. Mu biyar ne: wani likita daga Haiti, wata ɗaliba daga Dakar, wani injiniya daga Kamaru, ni, sai wani da aka rubuta masa "Tijjani Issa, likitan dabbobi mai ritaya, Burkina Faso".

Aikin farko shi ne kowa ya rubuta amsa a zauren ajin, kada ta wuce kalma ɗari biyu. To, a gidanmu ba a taɓa shiga zance babu gaisuwa ba. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi gidajensu da iyalansu da yadda suka ji da zafi, gaisuwa kaɗai ta cinye kalma casa'in. Yarinyar da ke kula da ajin ta rubuto mini cewa, "Madam, ki riƙa shiga zance kai tsaye." Sauran kuma kowa ya ɗaga mini hoton babban yatsa. Yatsa! Ni da na gaishe su da baki cike.

Washegari da hantsi na buɗe zauren, sai ga amsa daga Tijjani Issa. Da Faransanci ya rubuta, amma kowace gaɓa ta Bahaushe ce: "Hajiya, lafiya lau. Gida lafiya, aiki da godiya, gajiya ta bi lafiya, zafi kuma lokacinsa ne. Ina naki gidan? Ina yara? Ina ƙoƙari?" Kalma ɗari da goma ya kashe wajen amsa mini, har bayaninsa a kan cutar kwalara ya tsaya a rabi, aka rage masa maki.

Na karanta sau huɗu. Na ce a raina, wannan ɗan mutane ne.

Daga nan aka koma saƙon waya. Ashe a unguwar Dapoya yake, tafiyar minti goma a moto, wato babur, asalinsa mutumin Maraɗi ne, matarsa ta rasu shekara shida. Kullum da hantsi sai gaisuwarsa ta iso cikakkiya, sannan zancen karatu. Makon injiniyar ruwa, da aka nuna mana yadda sauro ke ƙyanƙyasa a tsofaffin tayoyi, na fita da kaina na sa makanikin layinmu ya kife tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki hoto na aika. Malam Tijjani ya amso: "Ranki ya daɗe, da an ba ki Wagadugu wata ɗaya, da sauro ya nemi takardar barin ƙasa."

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har da riƙe ciki.

A mako na shida aka karantar da mu cewa kaɗaici yana rage wa tsofaffi kwana kamar yadda taba take yi. Da aka tashi, saƙonsa ya shigo: "Hajiya, ni dai shekarata shida ina shan wannan tabar. Ina neman wadda za ta taimake ni in daina. Wane ne waliyyinki?"

Na kife wayar a kan gado. Na sake ɗauka. Na sake kifewa. Sannan na amsa da nutsuwar da ta dace da ɗiyar gidanmu: "Malam, a gama karatu tukuna."

Kowace Asabar da ƙarfe goma akwai darasin ido da ido, kowa a ɗan akwatinsa a fuskar ordinata, wadda wasu ke ce wa kwamfuta. Aminiyata Ladidi, wadda muka taso tare tun Zangwetin, ta shigo wata Asabar ta same ni na sha galila ruwan zuma, ɗaurin kallabi mai hawa uku, kwalli a ido, ina tsaye a kan kaskon turaren wuta, kwalbar humra a hannu.

"Ikon Allah! Bikin wa ake yi ban sani ba?"

"Lakwal zan shiga, lokacin darasi ya yi."

"Lakwal a kan tabarma? To galilar dai za a gani, na yarda. Humrar fa? Wane hanci ne zai shaƙe ta ta cikin ordinata?"

"Tsafta ce, Ladidi."

"Tsafta! Shekara tara ina shigowa gidan nan man zafi nake ji." Ta leƙo fuskar ordinatar. "Wanne ne a ciki? Kada ki ce mini baƙin nan mai tabarau da farin gemu, wanda tunkiya ke kuka a bayansa."

Na ce ta fita mini daga ɗaki. Ta fita tana guɗa ƙasa-ƙasa.

Zance kuwa ba ya kwana a Zongo. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, Na'Allah ake ce masa, yana da shagon atamfa a kasuwar Rood Woko. Wata rana ya dawo tun kafin azahar, ya zauna a bakin ƙofata yana juya makullin motonsa.

"Inna, wata magana nake ji a kasuwa."

"Kasuwa ai wurin magana ce."

"An ce wani mai duba shanu... Inna, kina da jikoki bakwai. Me mutane za su ce? Ni dai kada ya taka ƙofar gidan nan."

Na gyara zama. "Zauna da kyau ka ji tarihi. Kakata Nana Khadija tana da shekara sittin da bakwai ta auri wani bafataken goro, limamin Zangwetin ne ya ɗaura, aka ci tuwo har Mosawa maƙwabta suka shigo rawa. Gwaggona ta yi aure bayan ta aurar da jikarta. Ba a kaina aka fara ba."

"Wancan zamani daban ne, Inna."

"Zamanin da aka haifi wadda ta haife ka ne."

Ya tashi fuska a murtuke. Abin da ya ƙara wa zancen nauyi shi ne, tunda iyayena maza da 'yan'uwana duk sun rasu, shi ɗin ne waliyyina. Amma ban damu ba, domin duk gardamar da na shiga da tarihi a hannuna ban taɓa faɗuwa ba.

Sai ga mako na tara.

A lokacin autata Habi ta haifi ɗanta na fari, ta dawo gida wankan jego kamar yadda aka saba. Kwananta goma sha biyu. Safe da yamma ina tafasa ruwa a babbar tukunya, ina fyaɗa mata da ganyen darbejiya, ina dama mata kunun kanwa mai kauri, da kanwa ungurnu wadda nake aikawa a sayo mini ta musamman. Darasin makon kuwa a kan mata masu mutuwa bayan haihuwa ne. Cikin takardun da aka ba mu har da wani bincike da aka yi a ƙasar Hausa, wai an ga alaƙa tsakanin yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego.

Jinina ya tafasa. Na rubuta amsa kalma ɗari biyu cif, ranar ko gaisuwa ban yi ba. Na ce kakata ta yi wa mata sama da ɗari uku, mahaifiyata ta ninka, ni ma ga 'yata a ɗaki tana sha, ƙafafunta ma har sun yi ɓul-ɓul don jin daɗin jego.

Malam Tijjani ya amsa a zauren, a gaban kowa. Ya gaishe ni tukuna, bai tsallake ko gajiya ba. Sannan ya ce: "Hajiya, na yi shekara talatin ina ba shanu kanwa, na san aikinta. 'Yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Kwana arba'in na hutu da kulawa da kuke ba mai jego, babu asibitin da ya kai ku. Amma ƙafar da kika ce ta yi ɓul-ɓul ta tsaya mini a rai. Don Allah ki danna ƙaurinta da babban yatsa. In ramin ya zauna bai taso ba, ki kai ta asibiti a ranar."

Likitan Haiti ya rubuta a ƙasa cewa ya goyi bayansa. Ɗalibar Dakar ta ɗaga yatsa.

Masu karatu, ku auna. Gadon gida uku, a kwatanta shi da lasar shanu, a gaban 'yar Dakar! Na rubuta masa a waya: "Malam, zancen waliyyi a bar shi." Na kife wayar, wannan karon ban sake ɗauka ba.

Washegari gaisuwarsa ta shigo da hantsi kamar kullum, ban buɗe ba. Kashegari ma haka. Amma farkon saƙo yakan fito a saman waya ko ba a buɗe ba, kuma idona ya faɗa kansa ba da nufi ba: "In kin ce in janye neman, na janye. Maganar ƙafa kuwa ba zan janye ba."

A rana ta uku da safe na zaunar da Habi a kan kujerar wanka, tururi ya cika banɗaki. Na ɗaga ganye ke nan sai na ji numfashinta yana fita da ƙyar, kamar wadda ta yi gudu.

"Auta, lafiya?"

"Inna, kwana biyu in na kwanta sai tari, sai na jingina da bango nake samun numfashi. Na ɗauka haka jego yake."

Na ajiye ganyen. Na durƙusa, na kama ƙafarta, na danna ƙaurin da babban yatsana, na ɗaga. Ramin ya zauna yana kallona.

Ban san lokacin da na ƙwala wa Na'Allah kira ba. Ya samo taksi, muka tafi da ita da jaririn, ni da zanen wanka da silifa, mayafin ma na Ladidi ne ta jefo mini a ƙofa. Likita ta auna ta, ta saurari ƙirjinta, ta ce tansiyonta, wato jininta, ya hau sosai kuma zuciyar ta fara gajiya, amma an zo da wuri. Ta tambayi abin da take ci da sha. Na faɗa da bakina. Ta ce a tsayar da kanwa, ruwa kuma ya zama mai ɗumi kawai. Kwana huɗu aka riƙe ta, aka sallamo mu da magani, ƙafa ta saɓe, zobenta ya koma juyawa a yatsa. Alhamdu lillahi.

A barandar asibiti Na'Allah ya tambaye ni, "Inna, wa ya koya miki dannawar nan?"

"Mutumin da ka ce kada ya taka ƙofar gidanmu."

Ya karɓi takardar likita a hannuna, ya tafi sayo magani.

Saura ni da kaina. Na san mutumin nan ya yi gaskiya, na san bakina ne ya kore shi, amma yaya ɗiyar Aminata Mai Wanka za ta tsaya ta ce gadon gidansu da gyara? Na bincika tarihinmu kaf ban ga wadda ta taɓa yi ba. Na faɗa wa Ladidi haka muna tsinken zogale a tsakar gida.

Ta dube ni sheƙeƙe. "Ke da kike taƙamar tarihi? Buɗe bakinki."

"Kamar yaya?"

"Buɗe mana! Belunki yana nan ko ba ya nan?"

"Yana nan."

"Nawa fa? Wanzami ya cire tun ina kwana bakwai, haka duk sa'o'inmu. Ke kaɗai kika tsira, don shekarar da za a haife ki jarirai biyu sun zubar da jini a hannun uwarki bayan an cire musu. Ta rantse ba a ƙara yi wa jaririn da ta karɓa. Shekara guda wanzaman Zangwetin ba sa amsa gaisuwarta, kakarki ma wata uku ba ta yi mata magana ba. Kin manta, ko ba a faɗa miki ba?"

An faɗa mini. Na dai ajiye shi ne a inda ba na dubawa. Ashe a gidanmu an taɓa ganin abu da ido a sauke al'ada, kuma wadda ta yi ita ce wadda nake alfahari da sunanta. Na miƙe tsaye, zogale ya zube.

"Ladidi, ina galilata ruwan zuma?"

"Tsafta ta motsa ke nan."

Ranar Asabar aka ba kowa minti uku ya kawo matsalar lafiya ta unguwarsu ta fuskar fanni fiye da ɗaya. Da aka zo kaina na gaishe su duka, yarinyar mai kula da aji ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu ta rufe. Na ba su labarin Habi ban ɓoye komai ba. Na ce likita ya yi gaskiya a kan zuciya, masaniyar al'adu ta yi gaskiya da ta ce ba a gyara al'ada da zagi, mai binciken yanayi ma yana da tasa, domin zafin Wagadugu na watan Afrilu ba ya buƙatar a ƙara masa tafasasshen ruwa. Na ce daga yau a hannuna mai jego za ta samu kwananta arba'in, da hutunta, da gasasshen namanta, da ruwa mai ɗumi, amma kanwa ta fita daga kunu, kuma kowace safiya zan danna ƙafa. Na rufe da cewa, "Wanda ya fara ganin wannan kuwa likitan dabbobi ne, kuma na yi masa rashin adalci."

A ɗan akwatinsa na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Tunkiyar nan ta yi kuka. Likitan Haiti ya yi tafi.

Da aka tashi na buɗe saƙonninsa, guda tara, kowanne da gaisuwarsa. Na amsa su ɗaya bayan ɗaya, domin ba a barin gaisuwa a ƙasa. A ƙarshen na tara na rubuta: "Waliyyina ɗana ne. Ba ya so. Yana gida ranar Lahadi da hantsi."

Amsa ta zo kafin in ajiye wayar: "Na taɓa shawo kan bijimin da ya kori mutum shida. Allah ya kai mu."

Yau Lahadi. Tun da safe Ladidi ta zo wai barka da sallamar Habi, alhali sau uku tana yin barkar nan. Ƙarfe goma da 'yan mintuna muka ji moto ya tsaya a ƙofar gida, sannan sallama. Muryar da na saba ji ta cikin ordinata, yau ga ta ta ratso zaure, ta fi kauri, ta fi daɗi. Na zauna a bakin gado, na tashi, na sake zama. Habi tana shayar da ɗanta tana danne dariya.

Na'Allah ya fita fuska babu walwala. Minti biyar. Minti goma. Ladidi ta manna kunne a taga.

"Me suke cewa?"

"Har yanzu gaisuwa ake. An gama 'yan kasuwa, an shiga jikoki, da sunayensu yake bi. Akwai ƙunshin goro a bayan moton, ganyen ma ɗanye ne."

Sai ga takun Na'Allah. Ya ɗaga labule, ya tsaya yana sosa ƙeya, yana ƙoƙarin haɗe fuska tana ƙin haɗuwa.

"Inna, mutumin nan minti ashirin ke nan yana gaishe ni. Har akuyar gidan nan ya tambayi lafiyarta, ya ce kofatonta na neman yanka. Ya ce kafin kowace magana yana so ya ga ƙafar Habi da idonsa." Ya sunkuyar da kai. "In ce ya shigo?"

Ladidi ta ɗauko kwalbar humra ta danƙa mini a hannu. "Ungo. Yau dai an samu hanci."

Na shafa a wuya, na shafa a mayafi, na gyara ɗaurin kallabi. Sannan na dubi ɗana da irin kallon da kakata ta yi wa nata ɗan a Zangwetin lokacin aurenta.

"Shimfiɗa masa babbar darduma. Ka ce ya shigo."